Musolini Bai Jira Umarnin Hitila Ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na tarihi a kan Yaƙin Duniya na Biyu, inda baƙonku ya ce Musolini, shugaban Italiya na lokacin, ya ƙuntata wa Yahudawan Italiya ne kawai don Hitila ya matsa masa lamba. Na shafe shekaru ina koyar da tarihi a sakandare, kuma wannan magana ta tsaya mini a rai, domin tana wanke mai laifi.

Lokacin da Musolini ya hau mulki a 1922, Yahudawan Italiya ba su kai dubu hamsin ba, wato kusan mutum ɗaya cikin dubu. Da yawansu ma 'yan jam'iyyarsa ta Fasist ne. Guido Jung, wanda ya riƙe masa ministan kuɗi daga 1932 zuwa 1935, Bayahude ne. To me ya sauya?

A ganina amsar tana nan Afirka. A watan Oktoba 1935 Italiya ta mamaye Habasha, ta yi wa mutane ruwan iskar guba, ta shiga Adis Ababa a 1936. Daga nan gwamnati ta fara fargabar cewa sojojinta da 'yan kama-wuri-zauna za su gauraya da baƙar fata. A 1937 aka yi doka mai ɗaure duk Ba'italiyen da ya ajiye mace 'yar Afirka kamar matarsa. A kanmu aka fara wasa wuƙar. Da gwamnati ta saba da auna darajar ɗan Adam da jininsa, juyo da ma'aunin gida bai yi mata wuya ba.

Ban musa ƙawancen Rum da Balin na 1936, wato na Italiya da Jamus, ba, ya taimaka. Akwai kuma tsohuwar ƙiyayya da ta daɗe a kwance: tun 1555 Fafaroma Paul na Huɗu ya killace Yahudawan Rum a unguwa guda mai ƙofofi da ake kullewa da dare, kuma ba a kawo ƙarshen tsarin ba sai 1870. Mulkin kama-karya yana buƙatar maƙiyi na cikin gida da zai riƙa nuna wa jama'a, sai ya tarar da garwashi a ƙarƙashin toka, ya hura.

A watan Yuli 1938 aka fitar da takarda da sa hannun wasu malaman jami'a cewa Yahudawa ba jinin Italiya ba ne. A Agusta aka ƙirga su gida-gida. A Satumba aka kori 'ya'yansu da malamansu daga makarantun gwamnati. Wannan ya fi taɓa ni, don na san yadda yaro ke ɗokin komawa aji bayan dogon hutu. A Nuwamba aka hana su auren sauran 'yan ƙasa, aka sallame su daga soja da aikin gwamnati. Sarki Vittorio Emanuele na Uku ya sa hannu. A lokacin babu sojan Jamus da ke tsaye a kansa. Ga masu haɗa wannan da zaluncin da ake yi wa Falasɗinawa, a tuna cewa ba a kafa Isra'ila ba sai 1948. Waɗannan yara ba su ƙwace gonar kowa ba.

A Libiya ma, wadda Italiya ke yi wa mulkin mallaka a lokacin, a 1942 Italiyawa da kansu suka tsare Yahudawa kimanin 2,600 a sansanin Jado, sama da 500 suka mutu saboda yunwa da cuta. Da Jamusawa suka mamaye Rum, sunayen da aka tara a 1938 suna nan a ofisoshi. Ranar 16 ga Oktoba 1943 aka kame Yahudawa sama da dubu a Rum, daga baya aka kwashe su zuwa Auschwitz, sansanin da Jamusawa ke kashe mutane, 16 ne kawai suka dawo.

Ina roƙon ku sake gayyato baƙon, ku tambaye shi batun dokar 1937.

Naku,
Wani malamin tarihi mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya