Sanarwa: Zaman Iyaye Kan Ƴan Matan Unguwarmu

Assalamu alaikum iyayenmu da ƴan uwa. Ranar Asabar bayan La'asar za mu zauna a ƙofar gidan mai unguwa, tare da liman da ungozoma, kan cikin da ƙananan yaranmu ke ɗauka.

Abin na damuna ƙwarai. Yarinya ƴar shekara 13 da farantin gyaɗa a ka, tana yawon tasha har bayan Isha, mu kuma muna kallo. Ƙugunta bai gama buɗewa ba. In naƙuda ta yi tsawo, yoyon fitsari ne ko rasa rai.

Za mu tattauna batun tallan dare, da yadda za mu haɗa kuɗin mayar da su makaranta. Masu samari ma ku zo, don Allah. Iyaye mata, an tanadar muku tabarma a zaure.