Sanarwa kan tafiyarmu ta Kwa

Salam ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Maganar tafiyar nan da muka daɗe muna yi ta tabbata in sha Allahu, Kwa za mu je, ruwan nan mai zubowa daga kan dutse a ƙaramar hukumar Akamkpa jihar Kuros Riba, ba nisa da Kalaba. A watan Disamba za a yi saboda da damina ruwan yana da ƙarfi sosai kuma duwatsun santsi gare su.

Mota za ta tashi daga Ƙofar Doka a Zariya bayan sallar asuba, ƴan Samaru da Sabon Gari don Allah ku fito da wuri, mu bi ta Abuja da Lafiya mu kwana Makurɗi washegari mu ƙarasa.

Wajen wani kwazazzabo ne mai zurfi cikin kurmi, itatuwa sun rufe sama ko rana ba ka gani sosai, kuma sai an sauka matakala 234 kafin a kai bakin ruwan, saukar ba wuya amma hawowar nan fa sai mai ƙafa, iyayenmu masu ciwon gwiwa gara su tsaya daga sama. A zo da kambas, banda silifas, da gidan sauro da kayan canzawa.

Abinda yafi damuna shine wanka. Wallahi wanda bai iya iyo ba kar ya wuce inda ruwa ya kai gwiwa, wanka a Kubanni daban wannan daban, kuma ba wanda zai shiga shi kaɗai. Mai zuwa ya rubuta sunanshi nan kafin Juma'a mu san motar da za a ɗauka.