Zuwa Ga Aminina A Birmingham, Kan Kwayil Ɗin Da Ke Kwance Maka

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Ya aiki, ya kuma sanyin ƙasar tasu? Mu nan Kano sai godiyar Allah. Kasuwar Farm Centre tana nan yadda ka san ta, yau a samu, gobe a yi haƙuri. Su Hajiya suna gaishe ka.

Na ga saƙonka da hotunan da ka turo, cewa duk lokacin da ka buɗe sigarinka na lantarki za ka cika masa ruwa, kwayil ɗinsa, wato ɗan ƙarfen da ke ɗumama ruwan ya zama tururi, sai ya kwance ruwan ya tsiyaye. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganarka ta ƙarshe, da ka ce in sigarin lantarkin nan ya ci gaba da ba ka wahala za ka koma wa taba. Don girman Allah kar ka soma. Na san irin tarin da kake yi da asuba lokacin da kake ƙarar da kwali guda a rana, na kuma san wuyar da ka sha kafin ka rabu da ita. Matsalar nan ƙarama ce, ana kawo mini irinta shago, kuma ko sukundireba ba ta buƙata.

Ba kai kaɗai ba ne. Tun da aka hana sayar da irin wanda ake zuƙa a yar a nan Birtaniya taku daga 1 ga Yuni 2025, mutane suka koma wa mai tankin da ake cika wa ruwa, ba wanda ya nuna musu yadda cikinsa yake. Ga kuma dokarsu ta cewa tanki kada ya wuce mililita 2, wato dole ka riƙa buɗewa kana cikawa a kai a kai, kowace buɗewa kuwa sai ka murɗa.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Kwayil ɗinka yana da baki biyu. Na ƙasa yana ɗaure a gindin tanki, na sama yana shiga bututun da tururin ke bi zuwa bakinka. Idan ka murɗa domin buɗewa, ƙarfin hannunka yana ratsa wuraren nan biyu a lokaci guda, kuma wanda ya fi sako-sako shi ke fara saki. A naka, sama ta fi ƙasa kamawa, shi ya sa kwayil ke barin gindi ya bi bututu, ruwan ya samu hanya ya tsiyaye ta ƙofar iska ya ɓata maka hannu. Zafi ma yana da hannu a ciki. Ƙarfe yana ɗan buɗewa in ya yi zafi, ya tsuke in ya huce, ruwan da ya bushe a tiredin sama, wato zanen da ake murɗawa a kai, kuma yana yin danƙo ya riƙe shi gam. Rubutun nan na "Check Atomizer" da allon ke nuna maka, ko lambar juriyar kwayil ga wutar lantarki da ke hawa tana sauka a allon, duk alamar kwayil bai zauna daidai inda wutar batiri ke shigarsa ba ne.

Yanzu sai gyara. Ka fara cire tankin daga jikin batirin gaba ɗaya, ka bar shi ya huce. Ka warware shi, ka sa tishu ka goge tiredin gindi da na kwayil har su bushe ƙarau. Ka duba 'yar robar zoben da ke ƙasan kwayil da kyau a cikin haske. In ta baje, ko ta tsage, ko ta fita daga raminta, ita ce rabin matsalar. Yawanci akwai wasu a 'yar leda cikin kwalin da tankin ya zo da shi, ka canza. Daga nan ka ɗora kwayil a gindi, ka fara juya shi baya kaɗan har ka ji ya faɗa gurbinsa, sannan ka ɗaure gaba. Wannan shi ke hana tiredi hawa a karkace. Ka ɗaure da yatsu har ya tsaya, ka ƙara masa ɗan kaɗan. In santsi ya hana ka, ka riƙe shi da tishu.

Saman kuma akasin haka za ka yi masa. Ka ɗiga ruwan tankin ɗigo ɗaya a robar sama domin ta yi santsi, ka rufe a hankali, da zarar ka ji ya tsaya ka sake shi, kamar yadda kake rufe murfin robar ruwan sha. Mutane suna matsewa da ƙarfi wai don kada ya yi yoyo, alhali robar ce ke tare ruwa, matsi kuwa murƙushe ta yake yi. Duk lokacin cikawa ka rufe ƙofar iska, ka riƙe jikin tankin kansa, kada ka riƙe batiri kana murɗa sama. Kafin ka mayar, ka taɓa kwayil da yatsa ka ji ko ya motsa. In sabo ka sa, ka jiƙa audugarsa da ɗigo biyu ko uku, ka jira kamar minti 10 kafin ka zuƙa, in ba haka ba ta ƙone.

Akwai abin da nake roƙonka da babbar murya. Na san halinmu na dabara, to kada ka sa gam, ko farin tef ɗin masu gyaran famfo, ko basilin, ko wani mai a tiredin nan. Duk abin da ya shiga wurin, zafi zai kai shi huhunka. A Amurka, daga 2019 zuwa farkon 2020, mutum sama da 2,800 aka kwantar a asibiti, 68 suka rasu, kuma bincike ya danganta yawancin abin da wani mai na bitamin E da aka gauraya a ruwan wiwi na bayan fage. Huhu ba ya shiri da mai. Filaya ma ka ajiye ta, tana lanƙwasa kwayil tana fasa gilashi.

In ka yi duk wannan bai daina ba, to tiredin gindin ya cinye, sai sabon tanki. Ka nemi wanda ake tura kwayil ɗinsa kawai babu murɗawa, irin PnP na kamfanin Voopoo ko GTX na kamfanin Vaporesso. A ganina su suka fi dacewa da mai yawan cikawa irinka.

Ruwan da ya zube maka a hannu ka wanke nan take, nikotin yana ratsa fata. Kwalbar kuma ka kulle ta inda ƙaramarku ba za ta kai ba, domin ƙamshinta na alewa ne, kaɗan kuwa ya isa ya cutar da yaro. Ka san ra'ayina, burina ka rabu da shi ma. Ka tambayi likitanka ko masu taimakon barin taba na NHS, hukumar lafiya ta Birtaniya, yadda za ka riƙa rage ƙarfin nikotin sannu a hankali.

Ka turo mini hoton gindin daga kusa bayan ka goge, in ga tiredin da idona. Ka gaida madam da yara, ka kuma faɗa mini ko za ku zo babbar sallah.

Naka,
Amininka na Kano