Amsa ga Likitan da Ya Tuhume Ni Kan Koyar da Tarihin Credé

Ranka ya daɗe, Likita,

Bayan gaisuwa, na ji tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a, cewa me ya sa nake ɓata lokacin ɗaliban ungozoma da tarihin Carl Credé, likitan haihuwa Bajamushe da ya rasu tun 1892, alhali an daina aiki da dabarunsa. Ka kuma ƙara da cewa malamar da ta maƙale wa tsohon ilimi haɗari ce ga masu haihuwa. Da a ofis ka same ni, da mun kashe maganar cikin mutunci, amma tunda taro ka zaɓa, kuma ana dab da naɗa sabon shugaban sashe, sai in amsa maka inda kowa zai gani.

Zargin jefa mata cikin haɗari shi ya fi yi mini ciwo. Gaskiya ne cewa dabararsa ta matsa mahaifa ta saman ciki don fitar da mabiyiya ta sha suka tun yana raye, har Friedrich Ahlfeld, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, ya ce gara a yi haƙuri ta saki da kanta. Ina faɗa wa ɗalibaina wannan, sannan in koya musu allurar oksitosin da jan cibiya a hankali, kamar yadda ake yi a yau. Ina kuma bayyana musu cewa Credé ya fito da dabarar ne a zamanin da zura hannu cikin mahaifa ke jawo zazzaɓin jego mai kisa. Tambayi kowace ungozoma da ta fito daga hannuna ko ta taɓa jin na ce a danne cikin mai jego da ƙarfi.

Abin da ka tsallake, ko don bai dace da manufarka ba, shi ne maganar ido. Credé, haifaffen Berlin a 1819, ya shugabanci makarantar ungozoma ta birnin daga 1852, ya koma Leipzig a 1856 a matsayin farfesa kuma shugaban asibitin haihuwa. A can kusan jariri ɗaya cikin goma idonsa kan kumbura da mugunya saboda ciwon sanyi da ya ɗauka daga mahaifiyarsa wajen fitowa, wasu kuma su makance har abada. Ya fara da wanke hanyar haihuwa, abin bai wadatar ba, sai ya koma kan idon jaririn kansa: ɗigo ɗaya na ruwan sinadarin azurfa mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari a kowane ido, da zarar an haife shi. Masu kamuwa suka ragu zuwa ƙasa da ɗaya cikin ɗari, ya kuma wallafa sakamakon a 1881, shekara biyu bayan Albert Neisser ya gano ƙwayar cutar. Wataƙila za ka ce maganin na sa ido ya yi ja. Haka ne, na ɗan lokaci, shi ya sa aka rage ƙarfinsa, daga baya aka koma ga man ido na tetrasaikilin da makamantansa. Sinadarin aka sauya, Likita, ƙa'idar kare idon kowane jariri tun kafin cuta ta bayyana kuwa tasa ce, kuma ita kake bi duk ranar da ka rubuta man.

Batun cewa shi Bature ne ba zan tsaya a kansa ba, don ban ji ka ƙi abin awon zuciyar da ke rataye a wuyanka saboda Bafaranshe ne ya ƙirƙiro shi ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, wannan babban farfesa bai raina koyar da ungozoma ba, ya san a hannunsu yawancin jarirai ke faɗowa. A wurinmu kuwa, ba a tuna ungozoma sai ana neman wanda za a ɗora wa laifi. Ɗalibaina sukan je ƙauye su tarar babu man idon a ɗakin haihuwa, kaka kuma na tsaye da kwalli ko ruwan nono za ta zuba wa jinjiri mai kumburin ido. Kai ne ke zama a kwamitin sayen magunguna, ba ni ba, kuma a can nake jiran in ji ka ɗaga murya kamar yadda ka ɗaga a kaina.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Taka,
Malamar ungozoma