Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025

'Yan'uwa mambobi, maza da mata, assalamu alaikum.

Kwamitin gudanarwa ya ɗora mini nauyin kawo muku bayanin abin da ƙungiya ta yi a wannan shekara, kamar yadda tsarin mulkinmu ya tanada. Babban taron bara ya ba mu umarni bayyananne: a rage ƙarfin da muke zubawa wajen rabon tallafi, a karkata shi wajen ganin an dama da masu ƙaramin ƙarfi a duk inda ake yanke hukuncin da ya shafi sana'arsu. A kan wannan umarni muka yi shekara, kuma da shi nake roƙon ku auna mu.

Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa mutum biliyan 2, wato fiye da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, suna neman na kansu ne ba tare da takardar ɗaukar aiki ba, ba fansho, ba wata kariya in ciwo ya kwantar da su. Yawancinmu cikin wannan adadi muke: masu talla, masu aikatau, ƙananan manoma, masu tsintar kaya a bola, da masu buƙata ta musamman. Ana tsara haraji, ana raba rumfunan kasuwa, ana ba da kwangilar kwashe shara, sai dai mu ji a bakin wasu bayan an gama. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Aikin da ya fi kafuwa shi ne na rukunan ajiya da lamuni. Tsarin da muke bi shi ne wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta soma a Jamhuriyar Nijar a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, wanda daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Wanda bai taɓa halartar zaman ba, ga yadda yake. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, kowane mabuɗi a hannun mutum daban, akwatin kuma a hannun na huɗu. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Mamba ya miƙa abin da ya samu, masu ƙirga su ƙirga da ƙarfi, a buga masa hatimi a ɗan littafinsa, ta yadda ko wanda bai yi karatu ba zai iya lissafa hatimansa da yatsa. Daga cikin kuɗin ake ba da rance, akwai kuma wata 'yar jaka ta daban domin rashin lafiya ko gobara. Ƙungiya ba ta zuba ko sisi a akwatunan nan ba. Horo muka bayar, muka koma gefe. Ƙa'idojin kuwa su suka rubuta abinsu, har ma wasu rukunan suka soke kuɗin hidima a kan rance gaba ɗaya, ba mu ce musu uffan ba. A ganina babbar ribar ba ta cikin akwatin: matan da a da ba sa iya ɗaga murya a taro, yanzu su ne ke tsayar da ma'aji su ce a sake ƙirgawa.

Daga nan muka samu mutanen da suka shiga aiki na biyu, wato karatun kasafin kuɗi. Birnin Porto Alegre na ƙasar Brazil ya fara ba mazauna unguwanni damar zaɓen ayyukan da za a kashe wa wani kaso na kasafin birni tun 1989, kuma unguwannin talakawa ne suka fi cin moriya wajen ruwan sha da magudanai. Mu ba mu kai nan ba. Abin da muka yi shi ne nemo takardun kasafin hukumomin yankunanmu, muka zauna da mambobi ana bin su layi-layi, wanda ya iya karatu yana karanta wa wanda bai iya ba. A ɗaya daga cikin zaman, wata dattijuwa mai talla ta sa aka maimaita mata wani layi, sannan ta tambaya: me ya sa kuɗin gyaran magudanar kasuwa ya fito a kasafin bara, ya sake fitowa a na bana, ita kuwa har yau cikin ruwa take shimfiɗa kayanta? Ita da bakinta ta maimaita tambayar a zaman jin ra'ayin jama'a. Ba a fara aikin ba tukuna, amma an ba da amsa a rubuce, kuma takardar tana hannun rukuninsu, ba a ofishinmu ba.

Batun masu tsintar roba, kwali da ƙarafa ya ci mana lokaci mai yawa, kuma ya cancanta. Su ne ke rage abin da ake ƙonawa ko binnewa, amma da zarar an ce za a zamanantar da harkar shara, su ake fara kora. A birnin Pune na Indiya, masu wannan sana'a sun kafa haɗakarsu mai suna SWaCH, wadda ke karɓar shara gida-gida bisa yarjejeniya da hukumar birni tun 2008. A Bogota ta ƙasar Kolombiya kuwa, bayan doguwar shari'a, an fara biyansu ladan aikinsu a 2013. Mun ba 'yan'uwanmu waɗannan labarai, su kuma suka zaɓi inda za su fara: sikeli na haɗin gwiwa, domin a daina yi musu ƙwange wajen awo, da sayar da kaya a dunƙule maimakon kowa ya kai ɗan buhunsa a taya masa yadda aka ga dama. An samar da safar hannu da katin shaida. Neman fili na tantance kaya yana nan a gaban hukuma, ba a ce e ba, ba a ce a'a ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar ƙungiyoyin gama-kai, don haka muka yi amfani da damar muka tattauna yi wa rukunanmu rajista. Ƙa'idar da mutum 28 suka kafa shagonsu a kanta a Rochdale ta Ingila a 1844 ita muke riƙe da ita: mutum ɗaya, ƙuri'a ɗaya, komai yawan jarinsa. Rajistar tana tafiyar hawainiya saboda yawan takardu, kuma wasu mambobi na fargabar ta jawo musu haraji kafin ta jawo musu amfani. Fargaba ce mai tushe, ba za mu tursasa kowa ba.

Akwai inda har yanzu da sauran aiki. Masu aikatau ba sa samun fitowa a lokutan da ake zama. Wasu wuraren taron ba sa shiguwa ga mai keken guragu. Matasa suna zuwa horo, amma kaɗan ne ke tsayawa takarar shugabancin rukuni.

Cikakken lissafin kuɗin shiga da na fita yana wurin ma'aji, masu binciken kuɗi sun duba shi, kuma za a karanta shi a babban taro. Kowane mamba yana da ikon neman ganin rasit. Kwamiti zai gabatar da ƙudiri biyu domin ku kaɗa ƙuri'a: a ware rabin kujerun kwamitin gudanarwa ga wakilan da rukunai suka zaɓa da kansu, sannan a riƙa juya lokaci da wurin zama domin waɗanda aiki ko lalura ke hanawa. Muna roƙon kowane rukuni ya zauna a kan ƙudirorin nan kafin ranar, ya turo wakilinsa da matsayarsa a rubuce ko da baki.

Wassalam.

Sakatare, a madadin Kwamitin Gudanarwa