Wasiƙa ga Iyaye: Dalilin da Yaranmu Suke Haƙa Ramuka a Bayan Makaranta

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara,

Wasu daga cikinku sun turo suna tambaya, me ya sa yara suke komawa gida da jar ƙasa a rigunan makaranta, wata mahaifiya ma ta ce sabulunta ya ƙare tun kafin wata ya raba. Muna ba da haƙuri. Ga yadda abin yake.

A wannan zango malamin aikin gona ya karantar da 'yan aji biyar da shida tarihin wani manomi ɗan Burkina Faso, marigayi Yakuba Sawadogo, wanda duniya ta yi wa laƙabi da mutumin da ya tsayar da hamada. An haife shi a 1946 a yankin Yatenga, arewacin ƙasar. Bai yi boko ba. Karatun allo aka tura shi Mali, da ya dawo kuma ya kama kasuwanci a birnin Wahiguya. Kakannin yaranmu ba su manta farin shekarun 1970 da na 1980 ba. To haka ya faɗa wa Yatenga. Rijiyoyi suka ƙafe, gonaki suka zama faƙo, mutane suka yi ta ɗaure kaya suna barin ƙauyuka. A daidai lokacin ne shi Yakuba ya bar rumfarsa ta kasuwa ya koma ƙauyen Gurga da fartanya.

Dabarar da ya ɗauko tsohuwa ce a wurinsu, suna kiranta zai: a haƙa ƙananan ramuka a ƙasa mai tauri domin su tare ruwan sama. Shi sai ya faɗaɗa ramukan, ya zurfafa su, ya riƙa haƙawa tun da rani, ya zuba taki a ciki. Nan ne yara suka fi mamaki, domin takin nan gara yake jawowa. Garar da muke zagi idan ta ci mana azara, ita ce ke huda ƙasa ta yi hanyoyi, ruwan farko na sauka sai ya nutse maimakon ya gudu da ƙasar noma. Ya kuma jera duwatsu a kan gangare don rage gudun ruwa, ya shuka irin itatuwa tare da gero da dawa a cikin ramukan. Maƙwabta suka ce ya taɓu. Har wuta aka taɓa cinna wa dajin da ya raina, ya sake shukawa.

A hankali faƙon nan ya koma daji na wajen hekta 40, mai nau'in itatuwa da tsirrai sama da 60. Kuma bai ɓoye iliminsa ba: tun 1984 yake tara manoma sau biyu a shekara, su yi musayar iri, su koyi haƙan ramin. A 1989 wasu manoma daga Illela ta jihar Tawa a Nijar (ba Illelar Sakkwato ba, yara sun ruɗe a jarrabawa) suka je Yatenga suka gani da idonsu, suka kai dabarar gida. A can Hausawa tassa suke ce mata. An ba Yakuba lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin a 2018, Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta karrama shi a 2020. Ya rasu a watan Disamba na 2023. Allah ya jiƙansa.

Abin da ya sa muka zaɓe shi, rijiyar makarantarmu ce. Duk wanda ya leƙa ta a watan Afrilu ya san yadda guga ke fitowa da laka. Mun so yara su gane cewa ruwan da ke cikin rijiya ruwan sama ne da ƙasa ta sha, kuma ƙasar da aka sare wa itatuwa ba ta sha, kwarara yake yi ya tafi da shara cikin kududdufi. A ganina wannan darasi ya fi zama a kai idan yaro ya riƙe fartanya da hannunsa, shi ya sa muka ba su filin bayan ajujuwa, inda ko ciyawa ba ta fitowa. Kowane aji da layinsa na ramuka.

Yanzu ga roƙonmu. Wanda yake da dabbobi ya taimaka mana da busasshen taki, ko rabin buhu ne. Muna son 'ya'yan tsamiya, kuka, aduwa da magarya. Ranar aikin gona a haɗo wa yaro tsohuwar riga a jaka, mu kuma mun ajiye ruwa da sabulu, babu mai cin abinci sai ya wanke hannu. Masu awaki da ke kusa da makaranta, don Allah a ɗaure su idan shuka ta tsiro, domin shingenmu na ƙaya ne.

A taron iyaye da malamai mai zuwa yaran ne da kansu za su zagaya da ku filin. Iyayenmu manoma, idan kun ga ramin da ba a haƙa daidai ba, ku gyara musu nan take.

Wassalam,
Shugaban makaranta