Zuwa ga ƙanwata da ta tambaya ko wasan barkwanci ba zai ci aurenmu ba

Assalamu alaikum ƙanwata,

Tambayarki ta iso ni, kuma tunda a bainar jama'a kika yi ta, bari in amsa miki a bainar jama'a. Cewa kika yi: "Anti, kullum kuna faɗin cewa shirin barkwancin da ke da maigidanki kuke ɗorawa a intanet ba rubuta shi kuke yi ba, nan take kuke ƙago maganar. Ashe ke nan rigimar cikin gidanku kuke kwasowa kuna baje mana?" Kika ƙara da cewa ke marubuciya ce, maigidanki mai ɗaukar hoto, kuna sha'awar fara irin namu, amma kina tsoron kada kamara ta shiga tsakaninku.

Tsoronki yana kan hanya, kada ki bari kowa ya raina miki shi. Amsar tambayar farko gajeriya ce: a'a. Matar nan mai baki da kike gani a shirin ba ni ba ce, mijin nan mai kame-kame kuma ba maigidana ba ne. Mun ba su sunayensu, da halayensu, da irin tafiyarsu, har da tufafin da ba ma sawa sai ranar ɗauka. Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi, a kanta zan daɗe.

Abu ɗaya tak ne ba ma rubutawa: kalmomin da za su fito daga bakinmu. Kafin a kunna kamara akwai ɗan kati da muke mannawa a bango, mai 'yan layuka kaɗan. Ga misalin wani: miji ya ɓatar da makullin motar da ya aro, matar ta tsinta tun jiya, amma tana so ya amsa laifinsa da bakinsa, a ƙarshe mai motar zai ƙwanƙwasa ƙofa. Shi ke nan. Mun san inda za mu tashi, mun san inda za mu sauka, hanyar ce muke nema a gaban kamara.

Ba mu muka fara wannan dabara ba. Tun ƙarni na 16 'yan wasan barkwanci na Italiya haka suke yi: a rataye ƙashin labarin a bayan dandamali, wa zai shiga, wa zai fita, me zai faru, sannan kowa ya samo maganarsa a gaban 'yan kallo. A cikinsu har da ma'aurata, irin su Isabella Andreini da mijinta Francesco, waɗanda suka yi ta yawon wasa tare har ta rasu a birnin Lyon na Faransa a 1604. Abin da ya fi tsaya mini a rai a tarihin 'yan wasan nan na Italiya shi ne, takarda mafi daɗewa da aka sani game da irin wannan ƙungiya yarjejeniya ce: a 1545, a birnin Padua, 'yan wasa takwas suka sa hannu gaban mai shaida takardu kan yadda za su yi aiki tare, su tara kuɗi wuri guda, su raba. Mutanen da ba sa rubuta wasansu sun ga wajibi ne su rubuta zamansu. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Yanzu ga yadda maganar take fitowa. A ranar wasan makullin nan, na tsare shi da ido na ce ina makulli. Sai ya ce, ba tare da mun shirya ba, "Ai yana wurin likita." Babu likita a kan katinmu. A nan ne sabon shiga yake kashe wasa, ya ce wane likita kuma, ƙarya kake yi. Ni sai na karɓi likitan na ɗora masa kaya: "Likitan da ka ce mini ya yi tafiya tun watan jiya?" Shi ma bai janye ba. Ya ɗan yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce, "Shi ya sa nake ta tunanin yadda za a yi motar ta je ta ɗauko shi." Daga nan ƙarya ta riƙa haifar ƙarya, ni kuwa makullin yana cikin tafin hannuna, kamara tana ganinsa, shi ba ya gani.

Wannan ƙa'ida ta karɓa-ka-ƙara ita ce ginshiƙin sana'ar. A birnin Chicago na Amurka aka fi raya ta, inda Viola Spolin ta tsara wasannin horar da 'yan wasa, ɗanta Paul Sills kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Compass a 1955 da gidan wasan Second City a 1959. Mutane suna zaton mai wannan wasa saurin baki yake buƙata. Kunne yake buƙata. Wanda yake shirya amsarsa tun abokin wasansa bai rufe baki ba, ba zai ji "likita" ba balle ya ɗora masa wani abu. A nan ma'aurata suke da rinjaye a kan kowa, domin na san ma'anar shirunsa, ya san lokacin da na kusa fashewa da dariya. Kuma a nan ɗin dai haɗarin yake. Wanda ya san inda dariyarki take ya san inda ciwonki yake, kuma magana zarar bunu ce, balle wadda ba a tsara ba, ga kamara tana naɗa.

Saboda haka akwai abubuwan da muka haramta wa shirin tun kafin kashi na farko. Iyayenmu ba sa shiga, 'ya'yanmu ba sa shiga, haka duk wani saɓani da ba mu gama warware shi ba. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, ba na musun muna saɓawa; amma ranar da muka kwana da magana a ciki, washegari ba ma ɗauka, ko da masu bibiyarmu za su jira. Kuma kowannenmu yana da ikon ya ce a cire wannan, ba tare da an tambaye shi dalili ba.

Wannan na ƙarshen shi ne mafi tsada. Akwai wata fitowa da maigidana ya jefo wata magana game da mace mai zuwa neman aiki ana ce mata ta dawo gobe. Ita ce ta fi komai ban dariya a ɗaukar ranar. Bai san cewa kusan kalma da kalma abin da aka taɓa faɗa mini ke nan a wani wuri ba, lokacin ina neman a ba ni dama a sana'ar nan. Ni na ci gaba da wasa, ban ce komai ba. Da dare yana zaune gaban kwamfuta yana tacewa, sai na ga ya mayar da wurin baya, ya sake mayarwa, ya tsayar da hoton daidai inda hannuna ya daina motsi. Ya juyo ya dube ni, ya koma ya yanke wurin. Kashin ya rage armashi, masu kallo ba su san an cire komai ba. Idan maigidanki shi zai riƙa tacewa, ki sani hannunsa ne na ƙarshe a kan fuskarki da muryarki kafin duniya ta gani. Ku yi maganar wannan ikon tun yanzu.

Sai batun kuɗi da mallaka, wanda ma'aurata suke jin kunyar tayarwa, wai kada a ce babu yarda. Ki tayar. Tashar da za ku buɗe, da sunan wa za ta kasance? Asusun da kuɗin talla zai faɗa na wa ne? YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da mai tasha a kan dogayen bidiyo sai mai tashar ya cika wasu sharuɗɗa, irin su tara mabiya 1,000 da awannin kallo 4,000 cikin wata 12, sannan ya ba shi kashi 55 cikin 100. Kafin a kai nan aikin kyauta kuke yi, kuma cikinku akwai wanda aljihunsa yake ɗaukar nauyin. A rubuta wannan ma. Lucille Ball da mijinta Desi Arnaz, da za su fara shirinsu na talabijin a Amurka a 1951, sun yarda a rage musu albashi a bar wa kamfaninsu, Desilu, mallakar faifan shirin, kuma wannan shawara ta zame musu dukiya. Aurensu ya mutu a 1960. A 1962 ta sayi kasonsa ta ci gaba da jan kamfanin. Ba fatan rabuwa nake muku ba, Allah ya kiyaye. Ina nuna miki ne cewa idan an san na kowa, ko da zama ya yi tsami aikin shekaru ba ya zama abin jayayya.

Abin da na fi so ki ji shi ne kada shirin ya haɗiye sana'arki. Har yau ina hawa dandamali da wasu 'yan wasan, ina ba da murya a wasannin rediyo; shi ma yana ɗaukar ayyukan wasu da babu ruwana da su. Idan ya dawo yana da labarin da ban sani ba, ni ma ina da nawa, kuma rabin abin da muke rubutawa a katunanmu daga can yake zuwa. Jerry Stiller da matarsa Anne Meara sun yi tashe a matsayin abokan barkwanci a Amurka a shekarun 1960, amma wajen 1970 suka daina fitowa tare a kai a kai, kowa ya kama nasa aikin, saboda sun ga wasan yana neman cakuɗuwa da auren. Sun zauna tare sama da shekara 60 har ta rasu a 2015, kuma a 2010, da tsufansu, sun dawo gaban kamara a wani ɗan shiri na intanet suna zaune suna hira. Ke marubuciya ce. Ki ci gaba da rubuta abin da sunanki kaɗai zai hau kai.

Masu kallo za su matsa muku. Za su ce ku nuna musu ainihin gidanku, za su ɗauki zagin da matar cikin shiri ta yi su jingina miki, wasu ma har su yi wa maigidanki nasiha a kan hanya. Ba ku da bashin kowa a kan wannan. Abin da kuka yi alƙawari shi ne dariya.

Kada ku sayi komai tukuna. Ku ɗauki wayar hannu, ku rubuta kati ɗaya a kan abin da bai taɓa faruwa a gidanku ba, ku yi wasan, ku ajiye shi kada ku ɗora. Washegari ku zauna ku kalla tare. Kada ki damu da ko ya ba da dariya, na farko ba ya cika bayarwa. Ki duba ko kuna sauraren juna, sannan ki nuna wani wuri ki ce a cire, ki ga yadda zai karɓa, shi ma ya gwada ki haka. Ki rubuto mini abin da kuka gani, in Allah ya yarda zan amsa.

Ki gaishe mini da maigidan naki.

Taki,
Yayarki a sana'a